JAN KAYA DA TSOHUWAR A-KORI-KURA: A BAMBA ZA A ƊAURA KO A CASIS?

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa wayar gari a Potiskum ta Jihar Yobe ran Laraba ya san abin da ake kira hada-hadar motoci. A wannan rana ce kasuwar shanun garin take ci, kasuwar da ake lissafa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Garin kuwa mahaɗar hanyoyi ne. Ga wadda ta fito daga Kano ta Azare, ga ta Jos da Bauchi wadda ta biyo ta Darazo da Kari, ga ta gabas mai zuwa Damaturu da Maiduguri, ga ta arewa mai zuwa Gashuwa, ga kuma ta kudu mai bi ta ƙasar Fika zuwa Gombe. Manyan motoci su ne ke cika ido, amma wadda ke kai wa manomi hatsinsa kasuwa, ta kai wa magini siminti, ta kai ruwa ƙauye, ita ce ƙaramar motar nan ta ɗaukar kaya da muke kira a-kori-kura.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun kwana biyu. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, har yanzu kuwa ba a rasa ganin tsofaffin a-kori-kurarsa a hanyoyin karkara. Ita ma Toyota Hilux, wadda aka fara ƙera ta a 1968, akasari ta hannu ce ke isowa ga talaka. Tsufa ba laifi ba ne ga motar da ake kula da ita. Abin da ya jawo wannan darasi shi ne wata al'ada da ta zama jiki ga masu irin waɗannan motoci, watau idan kaya sun fi ƙarfin bayan mota, sai a samo ƙaramar tirela, ko tankin ruwa mai taya, ko injin sussuka, a ɗaura a jikin bambar baya, a kama hanya.

Manufarmu a nan ita ce mu bayyana wa jama'a, musamman direbobi da masu motoci da makanikai da masu walda, cewa nauyin abin da ake ja a kan casis ya kamata ya sauka, ba a kan bamba ba. Za mu kawo dalili, mu kawo lissafi, sa'an nan mu nuna yadda ake yin aikin bisa ƙa'ida.

1. MENE NE AIKIN BAMBA?

Idan mutum ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin a-kori-kura, zai ga dogayen ƙarafa biyu sun miƙe a tsawon motar, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ne makanikai ke kira casis, su ne kuma ƙashin bayan mota. A kansu akwatin kaya yake zaune, a jikinsu aka ɗaure sifirin, ta cikinsu ƙarfin taya yake bi ya ja motar gaba.

Ita kuwa bamba falle ce ta ƙarfe da aka lanƙwasa, aka rataya ta a ƙarshen casis da 'yan hannuwa guda biyu da kusoshi masu noti. An yi ta ne domin ta karɓi ƙaramin karo, ta lotsa ita, ta kare fitilu da jikin mota. Watau an ƙera ta don ta jure turawa daga waje sau ɗaya, ba don ta jure fizga dare da rana ba.

Bamba iri uku ce ake gani a motocinmu. Ta farko ita ce siririya mai ƙyalli, ko wadda aka lulluɓe da roba. Wannan ko kusa ba a jan kome da ita. Ta biyu ita ce mai mataki a tsakiya, mai rami inda ake ɗaura ƙwallon ja, wadda aka fi gani a motocin da aka shigo da su daga Amurka. Irin wannan masu ƙera ta sukan buga a jikinta iyakar nauyin da za ta iya ja da wanda za ta iya ɗauka. Ta uku ita ce wadda aka ƙera a gida da bututun ƙarfe bayan ta asali ta lalace. Sau da yawa takan yi kauri a ido, amma ba wanda ya auna ƙarfinta.

Ko mai matakin ma, lalle a tuna cewa lambar da ke jikinta an buga ta ne ranar da motar ta fito sabuwa. Bayan shekara ashirin ko talatin na damina da ƙura, bayan an yi karo an miƙe ta da guduma, bayan an sauya kusoshinta da duk wanda ya zo hannu, wannan lamba ta zama tarihi. Tsatsa kuwa ta ciki take fara ci, a bayan hannuwan bamba, inda ido ba ya kaiwa.

2. MAƘALI MAI KUBE

Akwai ƙarfen da aka ƙera musamman domin ja. A wannan darasi za mu kira shi maƙali mai kube. Ga yadda yake: ƙarfe ne mai kauri da ke gittawa a ƙarƙashin bamba, an ɗaure gefensa biyu kai tsaye a jikin ƙarafan casis da kusoshi da yawa. A tsakiyarsa akwai bututu mai kusurwa huɗu, buɗe ta baya. Wannan bututu shi ne kuben. A cikinsa ake zura hannun da ke ɗauke da ƙwallon ja, kamar yadda wuƙa ke shiga kubenta, a soke su da ƙusa mai kauri, a kulle ƙusar. A ƙarshen wuyan tirela kuma akwai ƙoƙo na ƙarfe wanda ke hawa kan ƙwallon ya rufe.

Bakin kuben da aka fi samu iri biyu ne: mai faɗin inci 1¼ domin ƙananan kaya, da mai inci 2 wanda ya fi dacewa da a-kori-kura. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, a ƙa'idarta mai lamba J684, ta kasa maƙalai aji huɗu bisa nauyin tirela da kayanta gaba ɗaya:

Aji na 1: har zuwa laba 2,000, watau kusan kilo 900.
Aji na 2: har zuwa laba 3,500, watau kusan kilo 1,600.
Aji na 3: har zuwa laba 5,000, watau kusan kilo 2,270.
Aji na 4: har zuwa laba 10,000, watau kusan kilo 4,500.

Maƙali na ƙwarai yakan zo da tambari a jikinsa mai nuna lambobi biyu: nauyin da zai ja, da nauyin da zai ɗauka a kan ƙwallo. Mai saye ya nemi wannan tambari kafin ya ba da kuɗinsa.

3. ME YA SA MAƘALI YA FI BAMBA?

Wurin da tirela ta haɗu da mota wahala huɗu yake sha. Idan aka tashi, ana fizgarsa baya. Idan aka taka birki, tirela tana ingiza shi gaba da dukan nauyinta. Wuyan tirela yana danna shi ƙasa kullum, kuma duk ramin da aka faɗa sai dannawar ta ninku. Idan aka sha kwana kuma, ana murɗa shi gefe. A hanyar ƙauye mai gargada, waɗannan abubuwa huɗu suna maimaituwa sau dubbai a tafiya guda. Kowa ya san yadda ake karya waya ba tare da almakashi ba: lanƙwasa ta ake yi gaba da baya har ta gaji ta tsinke. Haka hannuwan bamba ke gajiya. Ba sa ba da sanarwa, ranar da za su karye kuwa ba lalle ba ne ta zama ranar da kaya suka fi yawa.

Maƙali ya fi bamba ta fuska huɗu.

Na farko, yana kai nauyin kai tsaye ga casis, ya raba shi tsakanin ƙarafan biyu.

Na biyu, tsayin ƙwallon da ke kan bamba ba ya sauyawa, kuma sau da yawa ya fi wuyan tirela tsawo. Sai ka ga tirela ta ɗaga kai sama, nauyi ya koma bayanta, ta kama rawa a hanya. Da maƙali kuwa ana iya sauya hannun ƙwallo, a sa mai saukowa ko mai hawa, har tirela ta daidaita. A ƙa'idar Turai tsakiyar ƙwallo takan kasance tsakanin santimita 35 da 42 daga ƙasa idan mota tana da lodi.

Na uku, ƙwallon bamba a lunguce yake, kusa da jikin mota. Idan aka sha kwana mai tsanani, ko ana ja da baya, wuyan tirela yakan daki bamba ya fasa fitila. Ƙwallon maƙali kuwa ya fito waje, ya ba da fili.

Na huɗu, maƙali yana da zobba biyu da aka yi domin sarƙar tsaro. Wanda ya ɗaura ƙwallo da sarƙa duka a jikin bamba, ranar da bamba ta cire, ita da ƙwallo da sarƙa da tirela tare za su tafi.

Saboda haka, bamba mai mataki wadda lambarta ke karantuwa, ba tsatsa, ba a taɓa miƙe ta ba, kusoshinta na asali, ana iya jan ƙaramin abu marar nauyi da ita a tafiya ta kusa. Duk abin da ya wuce haka, aikin maƙali ne.

4. NASIHA GA MASU WALDA DA MAKANIKAI

Gaskiya ne ba kowace tsohuwar mota ce ake samun maƙalinta a kasuwa ba, dole wani lokaci sai an ƙera. Garuruwa irin su Potiskum, inda sana'ar manyan motoci ta kafu, ba su rasa gwanayen ƙarfe ba. Amma akwai sharuɗɗa.

A fara duba casis ɗin kansa. A kankare laka da tsatsa, a ƙwanƙwasa da guduma. Inda ƙarfe ya yi ƙara ras, da sauran ƙarfi. Inda ya yi ƙara a dushe, ko ya zubo da ɓawo, ya ruɓe. Maƙali sabo a kan ruɓaɓɓen casis kamar sabuwar ƙofa ce a jikin katangar da ruwa ya ci.

A ɗaura maƙali da kusoshi masu noti a ramukan da masu ƙera mota suka tanada. Kada a bi casis da walda barkatai, domin zafin wuta yana raunana ƙarfe, kuma a gefen walda tsagewa take farawa. Kada a huda rami da wutar gas. A yi amfani da injin huda. Kusoshin su zama masu ƙarfi, waɗanda aka buga 8.8 ko 10.9 a kansu, tare da faffadan wasa a baya. Ƙusar da ba ta da lamba a ka, ba ta wannan aiki ba ce.

Kada a taɓa walda ƙwallon ja a jikin ƙarfe, kada kuma a maye gurbin ƙusar kube da guntun rodi. Wanda zai yi walda kusa da tankin mai ya sauke tankin tukuna. Kuma tun da maƙalin gida ba shi da tambarin awo, mai shi ya riƙa ɗaukarsa a matsayin na ƙaramin aji. Araha ba ta ado, balle a abin da rai ya rataya a kansa.

5. LISSAFIN NAUYI

Sa maƙali mai ƙarfi ba ya ƙara wa mota ƙarfi. Abubuwa biyar ne kowanne da iyakarsa: motar kanta, maƙali, hannun ƙwallo, ƙwallo, da ƙoƙon tirela. Wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta, ita ce iyakar duka, kamar yadda igiyar guga take tsinkewa a inda ta fi siranta. Iyakar mota tana cikin littafin da ya zo da ita, wani lokaci kuma a ɗan allon ƙarfe da ke jikin ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji.

Direba ya san nauyin abin da yake ɗauka. Buhun siminti kilo 50 ne, haka buhun takin zamani. Babban buhun gero ko dawa yakan kai kilo 100. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, watau durom mai lita 200 kilo 200 ne ban da nauyin durom ɗin, tanki mai lita 1,000 kuwa tan guda ne cur.

Alal misali, a ce wani manomi a ƙasar Nangere zai kai gero kasuwar Potiskum. Tirelarsa ba kaya kilo 400 ce, ya ɗora mata buhu 12. Jimla kilo 1,600 ke nan. Wannan ya ninka iyakar maƙali aji na 1 kusan sau biyu, ya kuma cike iyakar aji na 2 taf. Ina ga bambar da ta shekara talatin?

Sai nauyin wuya, watau abin da ke sauka a kan ƙwallo. Abin da aka fi bi shi ne kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta. A misalinmu kilo 160 ke nan. Wannan nauyi cikin lodin motar yake, dole a cire shi daga abin da za a ɗora a bayanta. Bugu da ƙari, yana aiki kamar sikeli. A ce ƙwallo yana mita 1 bayan tayoyin baya, tsakanin tayoyin gaba da na baya kuma mita 3. Idan kilo 150 ya sauka a kan ƙwallo, tayoyin gaba za su rasa kilo 50, na baya kuma su ƙaru da kilo 200. Tayoyin gaba kuwa su ne ke juya mota, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Shi ya sa motar da bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, sitiyarinta yakan yi sakwaf a hannu, fitilunta kuma su riƙa kashe wa masu tahowa ido.

6. LODI, ƘWALLO DA SARƘA

Wajen lodi, a sa kusan kashi 60 cikin 100 na kaya a gaban tayoyin tirela, kashi 40 a bayansu. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, a ɗaure tam. Idan nauyi ya rinjaya baya, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya, tana jan bayan mota dama da hagu. Tankin ruwa ya fi haɗari idan rabi ne, domin ruwan yana tuntsurawa gaba da baya. A cika shi, ko a tafi da shi ba kome. Kada a ɗauki mutum ko ɗaya a kan tirela, ko da yaron mota ne.

Ƙwallo da ƙoƙo dole su zama awo ɗaya. Na Turai milimita 50 ne. Na Amurka kuwa inci 1⅞ ne, ko inci 2, ko inci 2 5/16. Tun da kayanmu daga ko'ina suke zuwa, ana yawan haɗa su a kuskure. Inci 2 milimita 50.8 ne, inci 1⅞ kuwa bai kai milimita 48 ba. A ido duk ɗaya suke, amma ƙoƙon da ya fi ƙwallo girma zai hau lafiya, ya rufe, sa'an nan ya tsalle a rami na farko. Awon yana rubuce a kan ƙwallo da jikin ƙoƙo; a karanta. Bayan an rufe, a ɗaga wuyan tirela sama da ƙarfi a gani ko zai fita.

Sarƙar tsaro guda biyu ce. A gitta su a ƙarƙashin wuyan tirela, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, domin idan ƙoƙo ya fita, wuyan ya faɗa a kansu maimakon ya caki kwalta. A bar musu sakin da zai isa shan kwana, amma kada su ja ƙasa. Igiya da waya ba sa maye gurbin sarƙa.

Tirela ta kasance da fitilun birki da na sigina masu aiki, da abin ƙyalli ja a baya. Lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke rufe hanyar Damaturu ko ta Gashuwa, tirela marar fitila tarko ce ga mai babur da ke biye.

7. BIRKI DA GUDU

Kusan kowace mota tana iya jan abin da ya fi ƙarfinta a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Tsayar da shi ne wuya. Yawancin ƙananan tirelolin da ake ƙerawa a gida ba su da birki, watau birkin tsohuwar motar ne zai tsai da nauyi biyu. A Ingila doka ta hana jan tirela marar birki idan ita da kayanta sun wuce kilo 750, ko sun wuce rabin nauyin motar da ke jan ta. Wannan ma'auni ne mai kyau da kowane direba zai iya riƙewa.

Littafin Ƙa'idojin Hanya na Nijeriya ya ƙayyade wa motar janwe kilomita 45 a sa'a idan tana jan wata mota, ko a cikin gari ko a babbar hanya. In har motar da aka ƙera domin ja ba ta wuce haka, mai tsohuwar a-kori-kura ba shi da hujjar wucewa. A gudun kilomita 45, mota tana cin mita 12 da rabi a kowace daƙiƙa. A gudun 80 tana cin fiye da mita 22, kafin ma ƙafar direba ta kai ga birki. Kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata yana ninkawa sau huɗu.

Hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda aka ba da kwangilar tagwaita ta a 2006, ta ratsa Azare da Potiskum da Damaturu. Inda kwalta ta yi santsi, nan ne zuciya ke raya wa direba ya ƙara wuta, nan ne kuma tirela ke fara rawa. Idan ta fara, kada a taka birki da ƙarfi, kada a yi kokawa da sitiyari. A riƙe shi sak, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali har ta natsu, sa'an nan a sauka gefe a gyara lodi. A gangara a sa babbar giya ta ƙasa, inji ya riƙe motar, domin birkin da aka daɗe ana takawa yana zafi ya daina kamawa. A ninka tazara tsakaninka da na gaba, a buɗe kwana, a riƙa duba allurar zafi, domin ja yana wahalar da lagireto da kuloci.

8. JAN MOTAR DA TA LALACE

Wannan shi ne jan da aka fi yi a ƙasarmu, shi ne kuma aka fi yi da ganganci. Taimakon wanda mota ta mutu masa a daji aikin lada ne, amma a yi shi da ilmi.

Kada a ɗaura igiya a bamba, ko ta mai ja ko ta wanda ake ja. A nemi ƙugiyar ja da ke jikin casis. Kada a rataya igiya a kan ƙwallo domin fizgo motar da ta kafe a yashi ko taɓo. Ƙwallo yakan karye ya taso kamar harsashi. Masu kallo su ja da baya nesa da igiya. Sandar ƙarfe ta fi igiya, domin tana hana motar baya afka wa ta gaba. Idan igiya ce kaɗai ta samu, kada tsawonta ya wuce mita 4 da rabi, a ɗaura mata jan ƙyalle a tsakiya domin masu tsallaka hanya su gani.

Wanda zai zauna a motar baya ya zama direba mai lasin. Ya murɗa makulli domin kada sitiyari ya kulle, ya sa giya a firi. Ya sani cewa idan inji a kashe yake, birki da sitiyarin motocin zamani sukan yi tauri ƙwarai. Motar da birkinta ya mutu ba a jan ta da igiya sam. Mota mai sauya giya da kanta kuwa, jan ta da nisa tayoyinta a ƙasa yana lalata akwatin giya. A ɗauke ta a kan wata mota. Direbobin biyu su yi magana kafin tashi, su shirya alamar tsayawa. A kai ta gareji mafi kusa, ba garin da mai ita yake so ba.

9. KAFIN A TASHI

(a) An san nauyin tirela da kayanta, bai wuce ƙaramar lamba ba?
(b) Kusoshin maƙali a ɗaure suke, ba tsaga, ba tsatsa mai ɓawo?
(c) Ƙusar kube a kulle take, ƙoƙo ya rufe a kan ƙwallon da ya dace da shi?
(d) An gitta sarƙa, an maƙala ta a maƙali ko casis?
(e) Tirela a daidaice take, bayan mota bai zauna ba?
(f) Iskar tayoyi ta cika, notocinsu a ɗaure, akwai safaya da jak?
(g) Fitilu suna aiki, madubai suna nuna gefen tirela?
(h) Akwai alamar gargaɗi mai kusurwa uku a cikin mota?

Bayan tafiyar kilomita kaɗan a tsaya a sake dubawa, a taɓa cibiyar tayoyin tirela da hannu a ji ko ta yi zafi.

KAMMALAWA

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, kuma ana kiran ta a lamba 122 idan haɗari ya auku. Jami'anta da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi suna da ikon tsai da motar da ta yi lodi fiye da kima ko wadda ba ta cancanci hawa hanya ba. Amma ba jami'in da zai kwanta ƙarƙashin kowace mota da asuba ya duba kusoshi. Wannan aikin mai mota ne da direbansa.

Tirelar da ta kuɓuce ba ta da sitiyari, ba ta da birki, ba ta kuma zaɓen wanda za ta faɗa wa: ko mai tallar rake a bakin hanya, ko ɗan makaranta, ko makiyayi mai kora shanu kasuwa. Kuɗin maƙali da sarƙa biyu bai kai kuɗin buhunan da ke zubewa a haɗari guda ba, balle a yi maganar rai. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin direbobi, da na makanikai da masu walda, da masu unguwanni da dagatai, su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan darasi a tasha da gareji da dandali. Rigakafi ya fi magani, in kunne ya ji kuwa, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Mene ne bambancin aikin bamba da na casis?
2. Kawo hanyoyi huɗu da maƙali mai kube ya fi bamba.
3. Tirela mai nauyin kilo 300 ta ɗauki durom 3 na ruwa, kowanne lita 200. Ban da nauyin duromomin, nawa ne jimlar nauyinta, kuma kusan nawa ya kamata ya sauka a kan ƙwallo?
4. Mota za ta iya jan kilo 1,500, maƙalinta 2,270, ƙwallonta 900. Nawa ne iyakar abin da za a ja?
5. Don me ake gitta sarƙar tsaro a ƙarƙashin wuyan tirela?
6. Me direba zai yi idan tirela ta fara rawa a bayansa?